Zauren Tanti: "Na kasa buɗe baki in ce wa Gwaggo na gode"

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka, ya zafi, ya haƙuri da ruwa. Saƙonni sun taru wannan makon har na rasa na ɗauka, amma da na zauna bayan isha'i ina binsu ɗaya bayan ɗaya sai na ga guda huɗu duk hanya ɗaya suka bi, alhali masu su ba su san juna ba, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan kayan ɗaki da rigimar biki ku yi mini haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa.

Saƙo na farko, daga wani mushen lakwal da ke aiki a wani ƙauye wajen Tanut:

Tanti ina wuni, ya gida ya yara. Dan Allah shawara nake nema kan abin da ya daɗe yana cina a rai. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara 4, ƙanwar babana ce ta ɗauke ni riƙo a unguwar Birni cikin Damagaram, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Da kuɗin ƙosai da kunu ta yi mini lakwal tun daga CI, wato ajin farko, har na samu burbe, takardar gama kolej, na wuce makarantar horon malamai, kullum kafin kiran assalatu ta tashi tana wanke wake. Yanzu shekarata 6 ina aiki, duk wata in albashi ya fito ina tura mata jika 15 ta Nita, in na kira sai ta ce Allah ya yi albarka in ce amin, shikenan mu koma maganar zafi da tsadar gero. Tanti wallahi ban taɓa ce mata na gode ba ko sau ɗaya. In zan je hutu tun cikin mota nake shirya maganar amma ina shiga zaure in hango ta bakin murhu sai harshena ya yi nauyi. Bana ƙafa ta matsa mata har ta daina suya, kuma tsoro nake ji kar ta tafi ban faɗa ba. Kuɗin da nake turawa ya isa godiya? Ko ni ne mai taurin zuciya?

Amsa:

Ɗana, mai taurin zuciya ba ya shirya magana cikin mota tun daga Tanut har Damagaram. Cire wannan daga ranka tukuna. Abin da ke ɗaure maka harshe kunya ce, kuma da ita aka rene mu gaba ɗaya, ina kyautata zaton ita ma Gwaggon ba ta kiran sunanka kai tsaye, ƙila "wannan yaron" take cewa ko wani laƙabi da ta raɗa maka tun kana ƙarami. A gidajenmu uwa takan kawar da kai daga ɗan farinta a gaban mutane alhali shi ne ranta. Toh wanda ya tashi cikin haka ba a rana ɗaya zai zo ya durƙusa ya zuba kalamai ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kuɗin nan kar ka daina, Allah ya ƙara buɗi, jika 15 daga albashin malamin ƙauye ba ƙaramin abu ba ne, na san abin da ake ciki. Amma tunda gaskiya ka nema zan gaya maka ita, bai isa ba. Kuɗi yana gaya mata cewa ba ka manta da ita ba. Bai gaya mata cewa ka gani ba. Kuma macen da ta yi riƙo ba ta haifa ba, akwai maganganun da ta sha a gidan biki da gidan suna waɗanda kai ba ka taɓa ji ba, an ce mata wahalar banza take, an ce ɗan wani ba ya zama naka, ran da ya yi ƙarfi dangin uwarsa zai nema. Ta haɗiye ta ci gaba da suya. Abin da irin wannan tsohuwa take so ta tabbatar kafin ta kwanta dama shi ne yaron nan ya san abin da aka yi masa, ba wai yana sauke nauyi ba ne kawai duk ƙarshen wata.

Bari in ba ka labarin kaina dan ka ga ba daga sama nake magana ba. Babana baduku ne, a zaure yake ɗinkin jaka da takalmi da kube, mutum ne mara yawan magana, in ya ce miki "madalla" toh ranar kin yi abin kirki ƙwarai. Lokacin ina 'yar lakwal in aka yi ruwa hanyarmu ta cika, shi ke ajiye basilla ya naɗe wando ya ɗora ni a wuya ya tsallakar da ni, ya koma ya ci gaba da aikinsa ko kallona bai yi ba. Na girma na yi aure na haihu ina ta cewa wata rana zan tuna masa, wata rana zan tuna masa, har aka kira ni da asuba aka ce in zo. Har gobe in na ga mutum ɗauke da yaro a wuya cikin ruwa sai na tsaya.

Da Inna kuwa Allah ya ba ni dama. Damanar 2024 ce, wadda kowa a garin nan ba zai manta ba, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na kusa da fada ya rushe, masallaci ne ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19 kakanninmu suka yi salla a ciki mu ma muka taso muka tarar da shi. A makon nan katangar gidanmu ta baya ta zube, ɗakin Inna ya tsage, maƙwabciyarmu ta kwashe mu mu 7 ta zuba a ɗakinta ita ta koma rumfa da 'ya'yanta. Daren nan ba wanda ya runtsa, ba kuran, ruwa na ta sauka, ni da Inna muna zaune kan tabarma ɗaya a cikin duhu, kuma ina jin duhun ne ya taimake ni dan ba ta ganin fuskata. Ban ce mata na gode ba fa. Cewa na yi, Inna kin tuna shekarar da na shiga kolej, kwallayenki guda 3 masu murfi da suke saman jere suka ɓace kika ce aro aka zo aka yi? Ta yi shiru. Na ce na san dillaliya kika ba, da kuɗin aka sayo mini kaye da bik da yadin inifom. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai na ji ta ce, "ashe kin sani." Shikenan abin da ta faɗa. Ta gyara mayafi ta juya wajen bango. Amma tun daga ranar wani abu ya sauka tsakaninmu, har labarin nan take ba jikokinta yanzu tana dariya, wai uwarku ta fi ɓera sanin abin da ke cikin ɗaki.

Toh abin da nake so ka yi kenan. Manta da kalmar "na gode" ɗin nan da ta tsaya maka a wuya, ita kaɗai ma ta yi ƙanƙanta, da ita muke sallamar mai kanti in ya ba mu canji. Nemo abu guda ɗaya ƙarami da ta yi maka wanda take zaton ba ka lura ba. Ƙosan farko da take tsame maka ta ajiye a gefe kafin masu saye su zo, ko ranar jarabawa da ta raka ka har bakin lakwal ta tsaya daga nesa, ko daren da zazzaɓi ya kama ka ta goya ka zuwa gidan likita alhali ka wuce goyo, kai ka san naka. In ka je hutun nan, kar ka yi da rana tsaka gida cike, bari sai bayan magariba ka ɗauko man zafi ka zauna ƙasa kana shafa mata a ƙafar, idonka na kan ƙafar ba sai ka dube ta ba, ka ce Gwaggo kin tuna kaza? Labari za ka bayar, harshe ba ya nauyi da labari. In ta ce kai tafi can da shirmenka, ko ta kawo maganar akuya, kar ka damu, ta ji.

Sannan akwai wata hanya tamu ta gargajiya da yaran yanzu suke mantawa, taya godiya. Mu a nan in an yi maka alheri ba kai kaɗai ke godewa ba, kana cewa wane taya ni godiya, washegari kuma a koma a ce an gode da jiya. Nemi ƙawarta ta kusa, wadda suke zuwa gaisuwar mutuwa tare, ko limamin unguwarku, ka kai gaisuwa da ɗan goro ka ce dan Allah a taya ni yi wa Gwaggo godiya, duk abin da na zama ita ce sila. Wallahi kafin la'asar maganar ta zaga unguwa ta dawo kunnenta, kuma ta shiga kunnen waɗanda suka ce mata wahalar banza take. Wannan ba riya ba ce, mayar mata da mutuncinta ne a inda aka taɓa shi. Allah da kansa a suratu Luƙman ya haɗa godiyarsa da ta iyaye a aya ɗaya, kuma wadda ta tashi da asuba shekara da shekaru dan ka ci ka yi karatu ai ba sai an tsaya ana tambaya ko ta shiga ciki ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka jira babban hutu in kana da halin zuwa kafin nan. Tanut ba Yamai ba ce, mota na zuwa kullum. Kuma a kai ta a duba ƙafar nan da kyau, kar a tsaya kan man zafi kaɗai.

Saƙo na biyu, daga wata 'yar'uwa a Garin Malam:

Tanti barka da aiki. Ni dai raina a ɓace yake. Yau kwana 9 pampon gidanmu bai kawo ba sai jiya wajen ƙarfe 2 na dare, shi ma maƙwabciyata ce ta buga mini bango na tashi na tari bido 4 ya ɗauke. Yara 5 gare ni, ga wanki ga girki ga mai goyo, 'yan garuwa sun tsawwala kuɗi, ƙanin maigidan ne wani lokaci yake ɗauko mana bido 2 a moto daga wata unguwa. In na yi magana sai maigida ya ce ba ni da godiya, wai wasu ko abinci ba su da shi, har ya jawo mini hadisin matan da ke butulce wa mazajensu. Tanti ni fa ban ce bai yi ƙoƙari ba, gajiya na yi. Wai dama godiya ita ce mutum ya yi shiru ko yana mutuwa?

Amsa:

A'a ƙanwata, ba ita ba ce. Sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan wannan tashin dare. Baki ɗaya yana iya cewa alhamdulillahi kuma ya ce na gaji, ba su karo da juna. Wanda ya je ta'aziyya yana jin mutane na cewa sai godiya hawaye na zuba, ba wanda ya ce musu ƙarya suke.

Matsalar ruwa a garin nan ta girme ki ta girmi maigidanki. Damagaram a kan dutse take zaune, duk wanda ya zaga Birni ya ga manyan duwatsun nan da gidaje suka jingina da su, toh haka ƙarƙashin ma yake, shi ya sa rijiya ba ta wadatarwa sai an jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza. Har cikin dalilan da ake lissafawa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan a mayar Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa. Kakarki ta yi wannan kukan, uwarki ta yi, gari kuma sai ƙara faɗi yake. Saboda haka in kin ce ruwa ya gallabe ki gaskiya kika faɗa, kuma abu ne da ya kamata a ci gaba da faɗa da babbar murya har a samu mafita, yin shiru a kansa ba ibada ba ce.

Yanzu bari in yi magana da maigida tunda na san za ki nuna masa. Malam, hadisin da ka kawo gaskiya ne, ba mai musunsa, amma wanda ya faɗe shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata wa iyalinsa, kuma shi ne ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Matarka mutum ce. Da ƙarfe 2 na dare tana tsakar gida da bido kai kana barci, da safe ka samu ruwan alwala a buta da na wanka a bokiti, ka taɓa tambayar kanka ta ina suka fito? In ta ce ta gaji ba ƙararka take kaiwa ba, "sannu" take nema. Ka gwada mako guda, in ka shigo ka ce sannu da aiki kafin ka tambayi abinci, in pampo ya kawo cikin dare ka tashi ka kama mata ko bido 2 ne, ka ga in bakin nan da kake cewa ba ya godiya bai canza ba. Ni ban taɓa ganin gidan da aka samu godiya ta hanyar ƙwace ba.

Ke kuma 'yar'uwa, akwai abin da na gani cikin saƙonki wanda kika wuce shi da gudu, ni kuma na kasa wucewa. Kin ce maƙwabciya ta buga miki bango. Ki tsaya ki duba wannan. Mace ce irinki, ita ma da nata bidon da nata yaran, ruwan nan ta san ba zai daɗe ba kuma in kin buɗe naki nata zai rage ƙarfi, amma ta bar layinta ta zo ta buga bango dan kar ki wayi gari ba ko ɗigo. Ga ƙanin miji da ke ƙona esansinsa yana ɗauko bido a moto, yaro ne fa, da zai iya zama a fada yana shan shayi. Ba ina gaya miki haka dan in rufe miki baki kamar yadda aka yi miki ba, a'a, ina gaya miki ne dan gajiya takan rufe ido har mutum ya ga kamar shi kaɗai ne a duniya, kuma ke ba ke kaɗai ba ce, mutum biyu na tsaye a bayanki cikin saƙo mai layi 8.

Ran da kika yi dambu ko ɗan wake ki zuba a kwano ki aika mata, ciyayyar nan da iyayenmu suke yi ba dan abinci ya yi musu yawa ba ne, Annabi ma ya yi wa Abu Zarri wasiyya in ya yi miya ya ƙara mata ruwa ya tuna da maƙwabta. Ki ce wa yaron da zai kai ya ce in ji Mama an gode da bugun bango. Shi kuma ƙanin mijin ki sa masa albarka a gaban yayansa. Shi maigidan ma, in akwai abin da yake yi, tunda da bakinki kika ce yana ƙoƙari, ki kama abu guda ki ambata masa da sunansa, amma a wani lokaci daban, ba a tsakiyar rigimar ruwa ba, dan kar ya zama kamar kuɗin fansa kike biya kafin a saurare ki.

Saƙo na uku, daga wani tela a Sabon Gari:

Tanti ina da 'ya 'yar shekara 6, tambaya gare ta kamar me. Mun je gona wajen Mirya ta ce Baba me ya sa duk itatuwa suna fitar da ganye wannan kuma yana zubar da nashi, gawo take nufi. Shekaranjiya kuma ta ga shamuwa kan bishiyar ƙofar gidanmu ta ce daga ina take, ina take zuwa in ta tafi. Ni wlh ban sani ba kuma aiki ya yi mini yawa sai na ce ta rabu da ni, daga baya kuma abin ya dame ni dan na ga yadda ta yi shiru. Me zan ce mata?

Amsa:

Kai amma wannan yarinya ta faranta mini rai, Allah ya raya ta. Ka ga mu manya shekara nawa muna wucewa ta gindin gawo ba mu taɓa tsayawa ba, ita zuwa ɗaya ta ga abin mamakin.

Ga abin da za ka gaya mata. Gawo saiwarsa tana nitsawa ƙasa sosai har ta cimma ruwan da sauran tsirrai ba sa kaiwa, shi ya sa da rani lokacin da komai ya bushe shi yake kore shar, dabbobi su samu inuwa su ci 'ya'yansa. Da damana ta kama kuma sai ya zubar da ganyen, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta samu hanyar sauka kan shuka tunda ba inuwa, kuma dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In kun koma gonar nan gaba cikin damana ka kai ta ta gwada tsayin geron gindin gawo da na fili da idonta. Tsofaffi suna ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka hana saran gawo da hukunci mai tsanani, kuma tun daga shekarun 1980 manoman wajen Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin 'yan tsiron da ke fitowa a gona suna yi musu aski maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Ka ce mata gonar kakanta na cikin abin da ake zuwa gani.

Shamuwa kuwa baƙuwar damana ce, in ta sauka manomi ya fara gyaran kalme da iri. A nan wajenmu take sheƙa ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, tana cin fara da tsutsotsi, shi ya sa ba a taɓa ta ko a tsakiyar gida ta yi sheƙa. In kaka ta yi sai ta bi ruwa ta yi kudu, can nesa har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe inda damanarsu ke farawa lokacin da tamu ta ƙare, ba mota ba takardar hanya, kuma shekara na zagayowa ga ta ta dawo.

Amma ka san wani abu, ko ba ka san amsa ba ba komai. Ka ce mata ban sani ba 'yata, zo mu tambayi Kaka, ko zo mu tsaya mu kalla. Na san keken ɗinki ba ya jira musamman in salla ta matso, amma minti 5 ne. Da daddare in an ɗauke kuran kuna kwance a tsakar gida ka nuna mata Zara kusa da wata, in lokacin sanyi ya zo ka nuna mata Kaza da 'ya'yanta ta ƙirga. Kuma ka fara da ba ta haƙuri kan rannan, ka ce Baba ya samo miki amsar gawo, ka ga yadda fuskarta za ta yi.

Saƙo na ƙarshe, daga wata ɗaliba a Karkada:

Tanti ranar Alhamis ɗin da ta wuce ni da kakata mun je kasuwar Dole, a hanyar fitowa jiri ya ɗebe ta ta faɗi bakin gudiron, na rikice ina ta kuka. Wani ɗan kabu-kabu ya sauke fasinjansa ya tare mana adaidaita ya biya, ya bi mu a baya har gidan likita, da aka rubuta ordonans kuɗina bai kai ba ya cika jika 2 daga aljihunsa. Na shiga wajen Kaka na fito in karɓi lambarsa na tarar ya tafi. Ko sunansa ban sani ba, abin da na riƙe kawai moto ja ce kuma yana da tabo a goshi. Kaka kullum sai ta tambaye ni an gan shi? Ya zan yi?

Amsa:

'Yata, na karanta saƙonki sau 3. Jika 2 a wajen ɗan kabu-kabu wani lokaci cinikin wuni ne cur, ga fasinjan da ya sauke, ga esansi, kuma ya juya ya tafi tun kafin a ce masa sannu. Mutanen nan muna yawan faɗin laifinsu in sun yi gudu ko sun yi rigima, ya kamata irin wannan ma a faɗa.

Ran Alhamis mai zuwa ki koma daidai wurin da abin ya faru a daidai lokacin, 'yan kabu-kabu kowa da inda yake tsayawa kuma sun san junansu, ki je da yayanki ko ƙaninki ki tambaya cikin ladabi, ki ba su labarin. In an same shi kar ki miƙa masa jika 2 ɗin tsurarsu kamar bashi, zai iya jin kunya ya ƙi karɓa, ki ce Kaka ce ke kiransa, a kawo shi gida ta sa masa albarka da bakinta, sai a haɗa masa da abin da ya sawwaƙa a matsayin tukwici. In kuma ba a same shi ba, Annabi ya koya mana cewa wanda ya yi mana alheri muka rasa abin saka masa mu yi ta yi masa addu'a, kuma addu'ar Kaka ba ta bukatar lambar waya.

Kai kuma ɗana mai jar moto, in wannan ya iso gare ka, ko wani abokinka ya karanta maka a fada, tsohuwar da ka kai gidan likita ran Alhamis ta samu sauƙi, an sallame ta, tana gida a Karkada tana shan furarta, kuma kullum sai ta tambaya ko an gan ka.